Ni a Cikin Gida, Shi a Zaure: Tafiyarmu Zuwa Mambilla da Chappal Waddi

Tun da Malam ya yi ritaya daga koyarwa, autarmu kuma ta tare a ɗakinta, muka ba da hayar sashe ɗaya na gidanmu a Zariya, muka kulle ɗayan, muka mai da mota gida. Azumi da salla ke mai da mu, sai kuwa rasuwa ko bikin na kusa. Sauran shekara muna hanya. Tsohuwar Hilux ce. A bayanta akwai tanti, katifa mai naɗewa, barguna, jarkokin ruwa, ƙaramin murhun gas, da faifan sola da ke cajin waya da tocila. Guzuri kuwa wanda ba ya lalacewa: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, kilishi, dabino, garin kunu da yaji. Fansho da kuɗin haya ne ke riƙe da mu, saboda haka ba ma gaggawa, don gudu shi ke shan mai. Inda muka sauka mukan daɗe har mu daina ƙasaru, tunda matafiyin da ya yi niyyar zaman kwana huɗu cika salla yake yi.

Da farko dangi sun yi ta magana, wai me mace mai jikoki take nema a daji. Amsata ɗaya ce: ina tare da mijina, inda ya sa ƙafa nan nake sawa. Yanzu su ne ke kira suna tambayar ina muka kwana.

Malam ya shekara da shekaru yana koyar da labarin ƙasa, yana zana wa yara tsaunukan Mambilla a allo bai taɓa taka su ba. Mun je Yankari mun ga ruwan ɗumi na Wikki, mun hau duwatsun Shere a Jos, amma kullum zancensa Mambilla. Da sanyi ya shigo, ruwa ya ɗauke, muka kama hanya.

Daga Jalingo aka bi ta Garba Chede zuwa Bali a bakin kogin Taraba, sannan Serti. Hanya ce mai cin yini da taya. A Serti muka tsaya neman izini, domin dutsen da muka nufa, Chappal Waddi, yana cikin gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda ya fi kowane gandun daji girma a Najeriya, sama da murabba'in kilomita 6,000. A 1991 aka haɗa gandun Gashaka da na Gumti suka zama ɗaya. Ba a shiga sai da ma'aikacin gandun, kuma daidai ne. Wanda bai san wurin ba, kwari ɗaya ya ishe shi ɓata.

Daga Mayo Selbe hawa ke farawa. A ƙasa zufa muke yi. Hanya ta dinga nannaɗewa a jikin dutse, kwana bayan kwana, Malam bai wuce giya biyu ba. Muka wuce wata babbar mota a gefe, yaron mota na ɗura mata ruwa, tururi na tashi, an tokare tayoyinta da duwatsu. Kunnuwana suka toshe. Ban san sa'ad da na jawo mayafi mai kauri ba. Da muka fito sama wajen Maisamari sai duniya ta buɗe: tuddai masu ciyawa suna bin juna har ƙarshen gani, babu ƙaya, babu ƙura, sai layukan itacen turare da aka dasa a bakin gidaje, da jajayen shanu masu dogayen ƙaho a warwatse. Tudun ya haura mita 1,500 daga doron teku, tsando ba ya rayuwa a nan, abin da ya jawo makiyaya ke nan. Malam yana tuƙi yana ba ni tarihi: Jamusawa suka fara riƙe yankin, bayan yaƙin duniya na farko ya koma hannun Ingila, sai a ƙuri'ar raba gardama ta 1961 mutanensa suka zaɓi zama cikin Najeriya. Daga nan aka samu lardin Sardauna, kuma har yau ƙaramar hukumar da ke da hedikwata a Gembu sunan take ɗauke da shi.

A Nguroje muka sauka wurin wani ɗan kasuwa da aka haɗa mu da shi tun daga Serti. Bai bari mun kafa tanti ba. Ya shimfiɗa wa Malam a zaure, ni kuma uwargidansa ta kama hannuna ta yi ciki da ni.

Nan ne ribar tafiyar miji da mata take, kuma ban taɓa jin masu labarin yawon duniya sun ambace ta ba. Namiji in ya zo gari shi kaɗai, iyakarsa zaure da masallaci da kasuwa. Rabin garin ya gani. Bayan labulen nan akwai wani garin, kuma ni ce mai shiga. Kullum da dare in muka haɗu, sai kowa ya zazzage abin da ya kwaso, mu jera su. Sau da yawa sai ka rantse ba gari ɗaya muka wuni ba.

A zaure, in ji Malam, zancen ƙasa ake yi da na hanya da na madatsar ruwan Mambilla, wadda aka ce za ta ba da megawat 3,050 na lantarki, aka yi shekaru ana sa hannu a takarda, har yau ba a ga wutar ba. A cikin gida ba wadda ta ambaci madatsa. Zancen itacen girki ake yi, da yadda wanki ke ƙin bushewa da damina, da tsadar gishiri da manja saboda komai sai ya hau dutsen nan a mota, da yara masu tari. Uwargidan ta nuna mini yadda suke ajiye masara a saman murhu hayaƙi na bugunta don kada danshi ya ɓata ta. Ta dafa mini gwaza, ta yanko fiya daga bishiyar tsakar gida ta barbaɗa gishiri. Hausarta tana da karin Fulatanci, tawa da karin Zazzaganci, muka yi ta hira har wuta ta mutu.

Mun leƙa gonar shayi ta Kakara, inda ake yin Highland Tea. Malam ya tafi wajen injina, ni na bi mata masu tsinka. Kwando a baya, hannu biyu na aiki lokaci ɗaya, ganye biyu da toho kawai ake cirewa a jefa ta kan kafaɗa ba tare da an waiwaya ba. Raɓa ta jiƙa su har ƙugu, wasu sun ɗaura leda a kan zane. Na duba yatsun wadda ke kusa da ni, sun yi baƙi sun tsattsage. Tun daga ranar ba na zubar da ragowar shayi.

Mota ba ta kai wa gindin Chappal Waddi. Muka bar ta a gidan mai masaukinmu, muka hau babura zuwa Njawai, daga can sai ƙafa. Mu biyu, da ma'aikacin gandun, da wani saurayi ɗan ƙauyen da ya ɗauki tanti da tukunya. Na sa wando mai kauri ƙarƙashin doguwar riga, da gajeren hijabi da ba ya kama ciyawa, da kambas. Masu cewa suturar Musulma ba ta hawa dutse ba su gwada ba ne.

Muna da ƙa'ida ɗaya a kowane hawa: wanda ya fi gajiya shi ke gaba, saura su bi takunsa. Da safe ni ce a gaba. Bayan azahar gwiwar Malam ta fara magana, na ga yana dafa ta a kowane gangare bai ce komai ba. Na ce, "Malam, dawo gaba." Ya ce, "Hajiya, da sauran ƙarfi." Na ce, "Na sani, amma ƙa'ida ce." Ya dawo. A gida shekara da shekaru ban san iyakar ƙarfinsa ba, shi ma bai san nawa ba, domin yana makaranta ina ɗakin girki. A hanya ba abin da ke ɓoyuwa. Na san numfashinsa in ya kusa tsayawa, ya san shirun da nake yi in ƙafata ta yi kanta. Faɗa ma yakan zo, a kan kuɗin mai ko inda za a kwana, sai dai tanti ɗaya ne, ba inda mutum zai yi yaji, dole a gama magana kafin barci.

Hanyar tudu ce da kwari. A saman tudu ciyawa, wani wurin an ƙone ta don sabon toho ya fito wa shanu. A kowane kwari kuma kurmi mai duhu da rafi mai sanyin da ke sa haƙori ciwo. Alwala da ruwan nan da asuba ibada ce a kan ibada.

Yamma ta yi mana a wata ruga. Maigidan ya fito da sanda, suka gaisa da mazan, ya nuna inda za a kafa tanti nesa kaɗan da garke. Ni kuwa wata dattijuwa ta yafuto ni. Bukkarta ƙarama ce, wuta a tsakiya, ƙwarya jere a kan gado. Ta zauna tana kaɗa nono a gora, tana jijjiga shi a cinya har mai ya taso, ta tsame shi da ludayi ta jefa a ruwan sanyi, ta dunƙule. Ta zuba mini kindirmo ba ta tambaye ni ko ina so ba. Jikarta mai ɗan jin Hausa ce ke mana tafinta.

Na ce, "Inna, in mace naƙuda ta yi mata gardama a nan, yaya kuke yi?" Ta ajiye gorar. Ta ce ɗaukarta ake yi a kan gadon kara, maza huɗu, har inda babur ke zuwa, daga can kuma a nemi mota. Ta ce akwai waɗanda suka kai, akwai waɗanda aka juyo da su daga hanya. Sarakuwarta, matar ɗanta, na cikin waɗanda aka juyo da su. Yarinyar da ke mana tafinta ita ce abin da aka samu. Yarinyar ta fassara wannan da bakinta, ba ta ɗaga kai ba. Daga nan zance ya gangaro kan rikicin 2017 tsakanin manoma da makiyaya a tudun. Ba ta zagi kowa ba. Ta lissafa gidajen da suka tashi suka ƙetara Kamaru, da ƙawarta manomiya da suke musayar nono da masara, wadda rabonta da ita tun lokacin.

Da dare na gaya wa Malam. Shi a wurin maza an yi masa zancen cutar shanu da kuɗin allura da iyakar kiwo, domin akwai wuraren da aka keɓe wa makiyaya a cikin gandun. Ba wanda ya ambaci mai naƙuda, ba don ba ta dame su ba, sai don ba zancen da namiji ke yi wa baƙo ba ne. Malam ya daɗe bai ce uffan ba, sannan ya ce duk shekarun da ya yi yana koyar da wannan wuri, tsayinsa da ruwan samansa ya koyar.

Hawan ƙarshe tsaye yake. Iska ta dinga tura mu gefe, muna kama ciyawa da hannu. Malam na gaba, yana taku goma yana tsayawa. Da hantsi muka kai. Mita 2,419, babu inda ya fi nan tsayi a Najeriya. Mutanen wurin kuma Gangirwal suke ce masa. Ma'aikacin gandun ya miƙa hannu ya ce wancan ɓangaren Kamaru ne. Ba shinge, ba alama mai girma, tuddai ne iri ɗaya, shanu iri ɗaya. Malam ya ciro tsohuwar taswirar da ya koyar da ita, iska na neman fizge ta, na riƙe masa gefe ɗaya yana bin kwaruruka da yatsa yana tambayar ma'aikacin sunayensu, yana rubutawa a gefe da fensir. Muka ci dabino da ƙuli-ƙuli, sanyi ya kore mu.

A dawowa muka sake biyowa ta rugar. Innar ta ba ni man shanu a ƙaramar roba da saƙon baki zuwa ga 'yarta da ke aure a Nguroje: ta ce a gaya mata kada ta yarda ta hauro gida haihuwa, ta zauna kusa da asibiti, ita za ta sauko in wata ya kama. Da namiji ne shi kaɗai ba za a ba shi wannan saƙon ba.

Na sami gidan bayan tambaya a kasuwa. Malam ya tsaya a waje, na yi sallama na shiga. Cikinta ya tsufa. Na miƙa man, na faɗi saƙon yadda aka faɗa mini. Ta ce da ma ta ɗaure kayanta, jibi ta yi niyyar hawa. Na ce, "To ki kwance, umarnin uwa ne." Na nemi a kira mini uwar mijinta na maimaita a gabanta, domin ita ce mai iko da tafiyar. Ta ce ta ji, kuma ita za ta raka ta awo ranar kasuwa.

Washegari Malam ya sa bakanike ya duba birki, saboda saukar Mayo Selbe ta fi hawanta haɗari, muka gangara Serti. Izininmu na gandun bai ƙare ba, kuma akwai dorinar Mayo Kam da kangon ganuwar Jamusawa a ƙauyen Gashaka da ba mu gani ba, da kurmin da aka ce biri mai ganga na dukan gindin bishiya da asuba. Lambar uwar mijin tana wayata. Mun yi da ita za ta kira ni in an sauka.