Bokitin da ke komawa wurinsa da kansa

Yau a wajen aiki nan Kumasi masta ya ce in hau sabuwar felodan da aka kawo, wato motar nan mai babban bokiti a gaba ta ɗibar ƙasa, in loda wa tifa yashi, wallahi abin da na gani har yanzu bai bar raina ba. Na juye yashi cikin tifa, na ɗan ja liba baya sau ɗaya na saki, kawai sai bokitin ya dawo ya kwanta daidai yadda zai shiga yashi, bai caki ƙasa ba bai ɗaga baki sama ba. Masta yana dariya ya ce ai tun safe ya saita shi da maballi ɗaya daga cikin mota, sensa ce a jikin hannun da ke ɗaga bokitin take gaya wa kwamfuta inda bokiti yake, ita kuma ta rufe bawul ɗin mai in ya kai wurin. Ɗagawa sama ma haka, yana kai tsayin tifa sai ya tsaya a hankali ba girgiza.

A tsohuwar motarmu ƙarfe ne da suwic a jikin silinda ke tsayar da bokitin, sai ka sauko da sifana ka matsar, in ya lalace kuwa ido da kunne ne aikinka, da yamma kafaɗa kamar an yi maka duka. Na ji daɗi sosai, amma hankalina ya tafi kan ƙannenmu masu koyon gyara a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, ranar da sensar nan ta mutu sifana ba za ta ishe su ba, dole su koyi waya da kwamfuta tun yanzu.