Yau Ta Tsaya Da Ƙafafunta

Yau na raka Yaya sashen gashin ƙashi a nan Katsina, mun kai 'yarta da aka haifa da ciwon raunin ƙashi, irin wanda ko sa riga da garaje kan jawo karaya. Likitar ta tsayar da ita tsakanin sandunan ƙarfe biyu, ta damƙe su, gwiwoyinta sai rawa suke. Yaya ta zabura za ta tare ta. Likitar ta ce, "Hajiya, bar ta. Yawan kwanciya ƙara wa ƙashin rauni yake, sai tsoka ta yi ƙwari take tallafa masa."

Yaya ta koma ta zauna tana salati, ta dunƙule hannuwanta cikin hijabi. Wallahi sai da na yi ƙwalla. Ban taɓa sanin janye hannu zai yi wa uwa wuya haka ba.