Fayil daban, manhajar da ke buɗe shi daban

A shagon da nake aiki muna taifin, muna firintin, muna kuma ɗan duba ƙananan matsalolin kwamfuta, kuma ƙorafin da ya fi yawan zuwa mana shi ne mutum ya shigo da laftof a hammata hankali tashe yace takardunsa sun lalace ko bairos ya cinye masa aiki, amma idan ka kunna sai ka tarar babu abin da ya samu takardun, alamarsu ce kawai ta canza. PDF ɗin da ya saba gani da jar alamar Adobe yanzu Edge ke buɗe shi, ko kuma ɗansa ya saka WPS jiya da daddare ya yi ta danna Next bai karanta ba, ita kuma ta kwashe duk fayilolin Word da Excel ta mayar nata.

Babban abin da aikin nan ya koya min shi ne yawancin mutanenmu, har da masu digiri, a ransu fayil da manhaja abu ɗaya ne. Zai ce maka aikina yana cikin Word, alhali aikin yana cikin folda, Word zuwa kawai take ta buɗe. Yadda nake musu bayani, fayil yadinka ne, manhaja kuma tela, kai ke zaɓar wanda zaka kai wa, kuma ba kowane tela ke mayar maka da yadi yadda ka ba shi ba. Windows ba ta leƙa cikin fayil ta ga me ke ciki, haruffan ƙarshen suna take kallo bayan ɗigo, .docx ko .jpg ko .cdr na masu CorelDRAW, sai ta duba jerin da ta ajiye ta ga wa aka ɗora wa wannan nau'in. Jerin nan kuwa ana canza shi cikin minti ɗaya.

Ka danna fayil ɗin da maɓallin dama na maus, ka shiga Open with, sai Choose another app, ka zaɓi wadda kake so ka tabbatar ka danna Always, don idan baka danna ba sau ɗaya zata yi maka gobe a koma gidan jiya. Ko ka bi ta Settings, Apps, Default apps ka nemi nau'in fayil ɗin da kanka. Masu Mac kuma Get Info ne, Open with, sannan Change All. Shi kenan fa. Kuma wallahi abin yana min ciwo idan na ji an karɓi kuɗin fomatin a hannun bawan Allah saboda wannan, an goge masa hotunan bikinsa da komai a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Inda abin ya fi daɗin koyo shi ne da na gane buɗewa daban, gyarawa daban a wurin Windows. Wani abokin aikina mai yin katin biki da kalanda yana son idan ya danna hoto sau biyu ya buɗe da sauri ya gani kawai, amma idan ya danna dama ya zaɓi Edit ya tafi Photoshop, ita kuma kwamfutar kullum Paint take kawo masa, ya canza Open with ya gaji Edit na nan a kan Paint. Dalili kuwa kowane nau'in fayil yana da umarni fiye da ɗaya a rajistirin Windows, wato kundin da take ajiye saitunanta, akwai na open, akwai na edit, akwai na print, kuma abin da kake canzawa a Settings na open ne kaɗai. A Windows 7 da 10 na hotuna yana zaune a HKEY_CLASSES_ROOT, ƙarƙashin SystemFileAssociations, image, shell, edit, command, a nan zaka ga an rubuta hanyar mspaint.exe da "%1" a ƙarshe, wannan %1 ɗin shi ne gurbin sunan fayil ɗin da ka danna. Ka cire hanyar Paint ka saka ta manhajarka ka bar "%1" yadda yake tare da alamomin zancensa, don idan ka cire su duk fayil mai tazara a sunansa ba zai buɗu ba. A tawa kwamfutar ina yi, amma a ta kwastoma bana taɓa rajistiri sai na fara yin Export na wurin na ajiye, kuma idan mai ita ba mai yawan aikin hoto ba ne gara na nuna masa Open with kawai ya huta.

Sai maganar CSV, wato fayil ɗin jerin bayanai na zallar rubutu da waƙafi ke raba su, wadda ita ce ta sa na daina ɗaukar wannan abu da wasa. Akawun wata makaranta mai zaman kanta ya zo da jerin albashin malamai da zai ɗora a shafin banki, shafin yana ta ƙin karɓa, yace min Malam dan Allah duba min, tun safe nake fama kuma mutane na jiran kuɗinsu. Lambar asusu a Najeriya guda 10 ce, da yawa kuma da sifili suke farawa, to da ya danna fayil ɗin sau biyu Excel ce ta buɗe, ita kuma tana ganin lamba sai ta ɗauka ta lissafi ce ta zubar da sifilin gaba, 0123456789 ta koma 123456789, ya gyara sunan mutum ɗaya ya danna Save, duk lambobin suka ajiyu a gurguje. Lambobin waya ma haka, masu farawa da 080 sun rasa sifili, masu 234 a gaba kuma da yake sun kai 13 sai ta nuna su da E+12 a ƙarshe. Sa'ar da aka yi asalin fayil ɗin yana cikin imel ɗinsa. Muka sake saukewa, na buɗe masa da Notepad ya ga sifilinsa na nan ɗaya bayan ɗaya, sannan muka buɗe Excel babu komai muka shigo da shi ta Data muka ce mata wannan layin Text ne kar ta taɓa. Tun daga nan duk kwamfutar da na san ana aikin albashi ko rajistar ɗalibai da ita Notepad nake ɗora wa .csv, mutum ya fara ganin abin yadda yake tukuna, idan yana son Excel ya je ya kira ta da kansa. Wasu basa so, suna cewa rubutun a cakuɗe yake da waƙafi ko'ina, na yarda ba kyan gani amma ni dai na fi yarda da shi.

Wani abin da har yau ban ga hikimarsa ba shi ne yadda Windows ke zuwa da haruffan ƙarshen nan a ɓoye. Abin da tsarin gaba ɗaya ya dogara a kai shi aka ɓoye wa mai kwamfuta. Tun shekarar 2000 bairos ɗin ILOVEYOU ya ci mutane da wannan, sunan fayil ɗin ya ƙare da .TXT.vbs amma .vbs ɗin bai fito ba sai kowa ya zaci wasiƙa ce ya danna, kuma har yanzu irin dabarar muke gani a filas ɗin ɗalibai, abu mai alamar folda ko ta PDF amma ƙarshensa .exe ne, wato manhaja ce da ke kunnuwa da zarar ka danna. Shi ya sa kafin komai nake shiga View a File Explorer na kunna File name extensions.

Sai dai da zarar sun bayyana wata fitinar ke tasowa, ɗalibi zai ga shafin makaranta yace PDF kawai yake karɓa sai ya goge .docx ya rubuta .pdf, alamar ta canza ya ji daɗi, fayil kuma ya ƙi buɗuwa ko'ina saboda cikinsa har yanzu na Word ne. Save As ake yi a zaɓi PDF.

Su ma kamfanonin ba a banza suke rububin nan ba, duk manhajar da ta zama ita ke buɗe maka abu kullum ta same ka. Daga Windows 8 Microsoft ta sa wa zaɓin wani hatimi don kar manhaja ta canza shi a ɓoye, shi ya sa a Windows 10 kake ganin saƙon An app default was reset idan wata ta gwada, wannan kam na yaba. Amma ita kanta da Windows 11 ta fito a 2021 sai da ta wahalar da masu son barin Edge, ka bi .htm da .html da HTTP da HTTPS kana canzawa, sai a 2022 bayan an yi ta surutu ta kawo maɓallin Set default guda ɗaya, shi ma ba ya haɗawa da PDF, wannan sai ka koma ka yi shi daban.

A waya ma maganar ɗaya ce, Android zata tambaye ka Just once ko Always, Hajiya ta danna Always a kan manhajar da ba ita ba sai takardun da ake turo mata ta WhatsApp su daina buɗuwa yadda ta saba. Ana shiga Settings, Apps, a nemo manhajar da ta ƙwace aikin, a shiga Open by default a goge, sunan wurin yana ɗan bambanta tsakanin Tecno da Samsung amma yana nan. Yanzu idan an kawo min irin wannan bana karɓar na'urar na juya baya na gyara, kujera nake ja wa mutum na ba shi maus ɗin ko wayar ina faɗa yana dannawa, don na san wata mai zuwa za a sake saka masa wata manhajar ko afdet ya zo, kuma wasu daga unguwa mai nisa suke hawo adaidaita saboda wannan kaɗai.