Alamar ragewa da ta hana ni barci kwana uku

A zangon ƙarshe aka ba mu furojet, kowa ya rubuta ƙaramin kalkuleta da kansa, a shigar mai da layin lissafi kamar 3 + 4 * 2 ya feɗe shi ya fitar da amsa. Ni da murnata, don ina so in kai wa kawuna da ke sayar da hatsi a Gusau ya riƙa lissafin buhunan gero da bashin da yake bi da shi a waya.

Ranar farko komai lafiya lau. Na tsinka layin gutsure-gutsure, lamba daban alama daban, na ba sau da rabawa fifiko a kan tarawa da ragewa. Hanyar da na bi ita ce ta Edsger Dijkstra, masanin nan ɗan ƙasar Holan, wadda ya fitar a 1961, kuma sunanta ma daga filin jera taragon jirgin ƙasa ya samo shi. Wannan ya yi min daɗi sosai don ni a Ƙauran Namoda na tashi, inda layin dogon da ya taso daga Zariya ya tsaya, na san yadda ake janye tarago a ajiye shi a gajeren layi na gefe har wani ya wuce. Haka abin yake: 3 ta wuce kai tsaye, + ta tsaya a gefe, 4 ta wuce, * ta zo ta tarar da + amma ta fi ta girma sai ta hau samanta, 2 ta wuce, a ƙarshe a sauko da * tukuna sannan +, amsa 11.

Sai na gwada 5 * -3, wato mutum biyar kowa ana bin shi dubu uku. Shirin ya tsaya cak. Na goge na sake, na goge na sake, wallahi kwana uku ina kai har caji ya riƙa ƙare min cikin dare, ina zargin matsalar a wajen sau take alhali ba can take ba. Ni a kaina alamar - aiki ɗaya gare ta, a cire na dama daga na hagu, to shirin da ya ganta sai ya waiwaya hagu neman lamba ya tarar da * tsaye.

Da na kai wa malaminmu ko kod ɗin bai buɗe ba, ya ɗauki biro ya rubuta 8 - 3 a bayan takarda, ƙasa kuma ya rubuta -3, ya ce min, “Wannan da wannan abu ɗaya ne?” Na ce “Malam ai alamar ɗaya ce.” Ya ce “To duba abin da ke gabanta kafin ka yanke mata hukunci.” Nan na gane. In lamba ce ta gabace ta ko bakan rufewa, wato alamar ), to ragewa ce mai cin abu biyu. In ita ce farkon layi, ko wata alama ce a gabanta, ko bakan buɗewa, wato alamar (, to mai cin abu ɗaya ce, aikinta ta juya lambar ta koma bashi. Layi huɗu na ƙara abin ya tashi. Daga baya na karanta cewa wani masanin kwamfuta, Vaughan Pratt, a 1973 a kan wannan ya gina tasa hanyar gaba ɗaya, kowace alama ya ba ta hali biyu, ɗaya in ita ta buɗe magana ɗaya in akwai wani abu a hagunta, kuma gaskiya ta fi kwanta min a rai.

Akwai kuma zancen ta wane gefe ake farawa in alamomi sa'annin juna ne. 10 - 4 - 3 daga hagu ake yi, 3 ke nan, in ka fara ta dama 9 za ka samu, wanda a rumfar kawu buhu shida ne suka salwanta a takarda. Amma fawa, wato ninka lamba da kanta sau kaza, ta dama take farawa a yaren kwamfuta na Python, 2**3**2, wato 2 fawa 3 fawa 2, tana ba da 512, a manhajar Excel kuma 2^3^2 amsarta 64. Har -2 fawa 2 ma sun saɓa, Python ta ce -4, Excel ta ce 4, JavaScript kuwa, wani yaren kwamfutar, ƙin karɓa take yi sai ka sa baka ka faɗi abin da kake nufi, kuma ni ina ganin ita ta fi gaskiya tun da kuɗin mutane ake lissafawa da waɗannan abubuwan.

Shi ya sa a nawa kalkuletan na sa ya nuna yadda ya fahimci layin da baka-baka kafin ya ba da amsa. Kawu ya gwada da bashin wani direba mai kai kaya Talatar Mafara, ya duba littafinsa ya ga sun yi daidai, ya ce in ƙara girman lambobin don idonsa ba ya gani sosai da yamma.