Duna da fitsarin murna

Wanda bai taɓa riƙon kwikwiyo ba zai ɗauka ƙari nake yi, amma akwai karen da murnar ganinka kaɗai ke sa shi fitsari. Ka dawo daga aiki, ka turo ƙofa, ya sheƙo a guje yana kaɗa wutsiya, yana tsalle yana shinshinar ƙafarka, kafin ka ankara ɗigon fitsari ya bi siminti har kan takalminka. Shi kuwa ko a jikinsa. Bai tsuguna ba, bai ɗaga ƙafa ba, bai ma san ya yi ba.

Namu sunansa Duna, baƙi ne wuluk, uwarsa karyar gida ce, ubansa kuma irin karnukan Jamus ɗin nan masu tsayayyen kunne. Na karɓo shi wurin wani abokin aikina a Samaru saboda gadi, lokacin da aka matsa wa layinmu da haura katanga ana kwashe batiran sola. Yana ɗan wata uku ya fara wannan ɗabi'a, kuma abin ya fi tsanani da yamma, lokacin da kowa ke dawowa gida.

A gidajenmu maganar ta wuce a ɗauko tsumma a goge. A mazhabar Malikiyya da muke bi, jikin kare mai rai ba najasa ba ne, har da yawunsa, amma fitsarinsa najasa ne babu ja. Mutum ya shigo da alwalarsa, ana gab da kiran magariba, sai ga ƙafar wandonsa a jiƙe. Haka ta faru da kawuna da ya zo daga Funtuwa cikin farar shadda. Ya dubi bakin rigarsa, ya dube ni, ya ce, "Kai ɗan nan, wannan kare naka ba shi da tarbiyya. Ka dangwala hancinsa a ciki, ka tsula masa bulala biyu, gobe ba zai sake ba."

Na ce, "Allah ya huci zuciyarka, Kawu. Bari a kawo maka wata rigar a wanke wannan."

Ban yi musu da shi ba, amma ban ɗauki bulalar ba. Dalilina shi ne abin da likitan dabbobi ya gaya mini ranar da na kai Duna allurar rigakafin ciwon haukan kare a asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello. Akwai wata tsoka da ke riƙe bakin mafitsara, ita ke hana fitsari zuba sai an so. A jikin kwikwiyo ba ta gama ƙwari ba, kuma shi kansa bai gama koyon sarrafa ta ba. In zumuɗi ya kwashe shi sai ta saki. Yawancinsu suna dainawa da kansu kafin su cika shekara ɗaya ko jim kaɗan bayan haka. Hukunta shi a kan wannan daidai yake da dukan jariri don ya jiƙa goyo.

Kuma dukan ba ya tsayawa a rashin amfani kawai, sabuwar matsala yake haifarwa, wadda ta fi ta farko wuyar magani. Fitsarin gaisuwa iri biyu ne a wurin kare, kuma jikinsa ne ke nuna maka wanne ne. Na murna, wutsiya a sama take, jiki a sake, yana kai da kawowa. Na tsoro kuwa, za ka ga ya kwantar da kunnuwa baya, ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, ya maƙale a ƙasa ko ya juya maka cikinsa, yana kauce wa idonka, sannan ya saki fitsari. A tsakanin karnuka, haka ƙarami ke shaida wa babba cewa ya sallama, ba faɗa ya zo yi ba. To ka ga in ka daka masa tsawa, abin da ya fahimta shi ne babba ya fusata, kuma hanyar ba da haƙurin da ya sani ita ce ya ƙara yin fitsarin. Kai kana ƙara zafi, shi yana ƙara ba da haƙuri da abin da ke ƙara maka zafin. Na san wani kare a bayan layinmu, ƙato, ya haura shekara biyu, da ya ji muryar maigidansa daga waje sai ya jiƙa inda yake kwance. Wai kuma shi ne mai gadin gidan.

Saboda haka gyaran da muka yi, kusan duk a kan mutanen gida ya faɗa. Dokar farko: in ka shigo, yi kamar babu kare a gidan. Kada ka kira sunansa, kada ka dube shi, kada ka miƙa hannu. Wuce ka ajiye kayanka, ka sha ruwa, sai ya gaji da tsalle ya lafa, sannan ka gaishe shi da murya ƙasa-ƙasa. Gaisuwar ma da yadda ake yinta. Ba a tsayawa a kansa a sunkuyo, don wannan barazana ce a idon kare. Tsugunawa ake yi a ɗan ba shi gefe, a shafa ƙirjinsa ko ƙarƙashin haɓarsa maimakon tsakiyar kai. In ya fara zabura, a miƙe a bar wurin.

Ni da uwargida ba mu sha wuya ba. Yaran ne aiki. Su uku suke dawowa daga islamiyya a tare, tun daga bakin layi suke ƙwala "Duna! Duna!", shi kuma yana jin haka ya fara zagaye kamar zai tashi sama. Sai da na mai da abin gasa, wanda ya fi iya shigowa shiru shi zai ba shi abincin dare. Ƙaramar ce ta riƙa cinyewa, ita da na zata za ta fi ba ni wahala.

Dabarar da ta fi yi mini aiki ita ce ta watsa abinci. Ina ajiye ɗan gutsattsarin busasshen kifi, wanda aka cire wa ƙaya, a gwangwani kusa da ƙofa. Ina shigowa sai in watsa kaɗan a ƙasa nesa da ƙafata. Hancinsa na komawa ƙasa neman kifi, tsallen ya tsaya, kafin ya gama tsincewa zumuɗin ya sauka. Daga baya na koya masa "zauna", ya zama ba ya samun kifin sai ya zauna. Karen da ke zaune yana jiran abu ba shi da sararin yin rawar da ke kawo fitsarin.

Sai batun mafitsara ta kasance babu komai a ciki. Kwikwiyo ba ya iya riƙe fitsari na dogon lokaci. Lissafin da masu kiwon karnuka ke yi shi ne kamar awa ɗaya ga kowane wata na shekarunsa, wato ɗan wata uku bai kamata a sa ran ya wuce awa uku zuwa huɗu ba. Muna da wani lungu mai yashi a gindin darbejiya, can ake kai shi da ya tashi barci, da bayan ya ci abinci, da kuma dab da lokacin dawowar yara. In baƙo ya yi sallama, a saka Duna a ɗakinsa tukuna kafin a buɗe, sai baƙo ya zauna an gaisa, in mai son karnuka ne a fito da shi da igiya.

Akwai shawarar da na ji fiye da sau ɗaya, wai a rage masa ruwan sha. Kada Allah ya sa. A zafin Maris da Afrilu na Zariya, hana kare ruwa zalunci ne, kuma yana iya kashe shi. Haka nan al'adar kulle kare a keji wuni guda wai don ya yi zafi da dare. Wanda ya wuni a kulle bai ga kowa ba, bai yi gudu ba, yaya kake so ya yi in an buɗe shi? Tun da na fara fita da Duna bayan asuba muna zaga fili, ya rage haukan yamma sosai.

Ba kowane ɗigo ne na murna ba, wannan ma likitan ya ja kunnena a kai. In kare yana jiƙa shimfiɗarsa cikin barci, ko kullum bayansa a jiƙe, ko yana yawan tsugunawa yana nishi fitsarin na fita kaɗan-kaɗan, ko da jini a ciki, ko ya koma shan ruwa fiye da ƙima, wannan maganar asibiti ce. Yana iya zama ciwon mafitsara, ko ciwon suga, ko ƙoda. Akwai kuma waɗanda ake haifa da bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda ya kauce wa mafitsara, an fi ganinsa ga mata, kuma horo ba ya gyara shi. Babban karen da bai taɓa yi ba sannan ya fara rana tsaka, shi ma a kai shi a duba.

Wankin wuri kuma, ruwa da yawa ake fara kwarawa, sai sabulu, sai a bi da ruwan khal in akwai, don in wari ya saura hancinsa zai mai da wurin masai. Kada a zuba bilic kai tsaye a kan fitsari, haɗuwarsu tana tayar da iska mai shaƙe numfashi. Tufafi kuwa, wurin da ya taɓa ake wankewa har najasar ta gushe. Wanki bakwai ɗin da aka sani, a wurin malamanmu maganar ƙwaryar da kare ya sa baki ya sha ce.

Yanzu Duna ya kusa wata goma, kuma tsakar gida ta huta. Mutum ɗaya ya rage da ke sa shi sakin fitsari, ƙanena da ke karatu a Kano. Shi duk ranar da ya zo hutu sai ya durƙusa ya buɗe hannuwa yana ihu, na yi magana har na gaji. Yanzu in ya buga waya ya ce ya iso Kwangila, sai in sa yara su kai Duna gindin darbejiya, su biyun su yi gaisuwarsu a kan yashi.