Na je bikin ɗana da Bayahudiya ban tambayi komai ba

Da ku nake, samarinmu da ke karatu ko neman abinci a Amurka da Turai, musamman wanda zuciyarsa ta riga ta karkata ga yarinyar da addininsu ba ɗaya ba. Ɗana na fari ya auri Bayahudiya a Shikago, kuma yawancin abin da ya ɓaci a bikin nan ni na ɓata shi. Girman kai ya hana ni tambaya, shi kuma kunya ta hana shi yi mini bayani. In kuka bar iyayenku a duhu, abin da na yi shi za su yi.

Maganar halasci ba ta ɗauke ni lokaci ba. Aya ta 5 a Suratul Ma'ida ta halatta wa Musulmi auren kamilallun mata daga Ahlul Kitabi, ko da yake malamanmu na Malikiyya suna karhanta shi, kuma rangwamen na namiji ne, ban da mace. Na ce a biya sadaki, liman ya ɗaura, shi ke nan. Ban san su ma suna da nasu ciwon ba. Malamansu na ɓangaren Otodoks da Konsabatib, masu riƙo da tsohon tsari, ba sa ɗaura wa Bayahude aure da wanda ba Bayahude ba, sai a ɓangaren Rifom, masu sassauci, aka samu rabai, wato malaminsu, da ya yarda, kakan yarinyar kuwa sai da aka yi ta lallashinsa. Wannan fa duk da abin ya zama ruwan dare a wurinsu, domin binciken cibiyar Pew na 2020 ya nuna kashi 61 cikin 100 na Yahudawan Amurka da suka yi aure daga 2010 zuwa 2020 ba ɗan'uwansu Bayahude suka aura ba. Ni kuwa na hau jirgi ina ganin ni kaɗai ne na yi haƙuri.

Tun wajen sa rana na fara tuntuɓe. Na ce Asabar, yadda muka saba. Yaron ya ce, "Abba, da dai Lahadi." Na ce tun yaushe ɗa ke sa wa ubansa rana? Ashe daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa fitowar taurari a daren Asabar hutun ibadarsu ne, ba a ɗaura aure, masu riƙo da shi sosai ko mota ba sa shiga. Da ya faɗa mini haka da ban yi fushin da na yi ba. Sai ya sunkuyar da kai, irin shirun ladabin da muka koya musu, wanda a irin wannan wuri ɓarna yake yi.

Babban kuskurena shi ne na rakiya. A wurinsu uwa da uba ne ke kama hannun ango, ɗaya dama ɗaya hagu, su kai shi ƙarƙashin huppa, wata rumfar ƙyalle a kan sanduna huɗu, buɗe ta ko'ina, wadda suke dangantawa da tantin Annabi Ibrahim da ba a rufe wa baƙo. Amarya ma iyayenta ke kawo ta, sannan duk su tsaya kusa da 'ya'yansu har a tashi. Ku kuwa kun san mu. Ɗan fari ne. Mahaifiyarsa ko sunansa ba ta kamawa, "yaron nan" take cewa, ni kuma ko a gida ba ni zan karɓi aurensa ba, ƙanina ne wakili, ina can bayan sahu kamar ɗan gayyata. Da aka ce mu riƙe shi, Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska, ni na tura ƙanina, muka nemi kujerun baya muka zauna. Ban ce wa kowa uffan ba, don a ganina duk mai hankali zai gane alkunya ce.

Ba su gane ba. Abin da suka gani shi ne uba ya ƙi taka ƙafarsa ya kai ɗansa wurin 'yarsu a bainar jama'a. Ana cin abinci mahaifin yarinyar ya jawo kujera kusa da ni, fuskarsa ba walwala, ya ce, "Alhaji, akwai abin da 'yata ta yi maka?" Sai a lokacin na yi bayanin da ya kamata a yi tun kafin a buga katin gayyata. Mutumin ya yi dariya har da hawaye, ya ce da sun sani da rabai ya sanar wa jama'a, kowa ya ɗauke shi a matsayin girmamawa. Amma an riga an ɗauki hotuna, kuma ba mu cikin na ƙarƙashin rumfar. Har yau in Hajiya ta buɗe su sai ta yi tsaki.

Don haka ku zaunar da iyayenku ku bi musu tsarin bikin daki-daki, ko da za su ce kun yi rashin kunya. Sannan ku juya ku yi wa surukanku bayanin iyayenku, wannan rabin ne aka fi mantawa.

Sauran abubuwan duk rashin sani ne. Da na ga yaron yana sa hannu a wata takarda mai ado da rubutun da ban iya karantawa ba, gabana ya faɗi, na zata daga addini ake fitar da shi. Ketuba ce, takardar aure, wadda a asali da harshen Aramiyanci ake rubuta ta, tana lissafa abin da ke kan miji na ci da sutura da haƙƙin kwana da kuɗin da zai biya in ya yi saki, shaidu biyu su sa hannu. Da aka fassara mini tasu na ga ba abin da limaminmu zai ƙi. Da aka ɗaga kofi ana karanta albarkoki bakwai, sai na kawar da kai don na zata giya ce, ashe yaron ya riga ya sa an zuba ruwan inabi mara sa maye. Da ya take kofin gilashi da ƙafa ya fashe, Hajiya ta yi salati da ƙarfi, jama'a kuwa suka ɗauki ihun murna. Ba camfi ba ne, tunawa ce da rushe Haikalinsu, wato babban ɗakin ibadarsu na birnin Kudus, da Rumawa suka yi a shekara ta 70 Miladiyya, don kada murna ta mantar da su baƙin cikinsu. Daga baya ana rawa samari suka ɗaga ni sama a kan kujera da babbar rigata, hannu ɗaya na riƙe hula, ɗaya na riƙe kujera, ina ta hasbunallahu. Ku gargaɗi tsofaffinku a kan wannan tun a gida.

Abinci bai zama matsala ba. Ba alade, yankansu kuma ayar nan ta halatta shi. Sai dai ba sa haɗa nama da madara, don haka kada a nemi madarar shayi bayan nama, kuma giya ba haram ba ce a wurinsu, a tambayi abin da aka sa a miya. Na kuma tafi da labarin Falasɗinu a raina, ra'ayina a kansa yana nan, amma tsohuwar da ta yini tana riƙe da hannun Hajiya ba ita ce gwamnatin Isra'ila ba, kuma teburin biki ba wurin wannan muhawara ba ne.

Abin da na fi nadama ba a ranar bikin ya bayyana ba. Ba wanda ya ta da maganar 'ya'ya. A shari'armu ɗa ubansa yake bi, a tasu wanda Bayahudiya ta haifa Bayahude ne, wato jikana kowane ɓangare na ganin nasa ne babu tantama. Da aka haifi namiji, ranar da ta zagayo ita ce ranar suna a wurinmu, ita ce kuma rana ta takwas da suke yin kaciya da addu'o'insu. Ni ina waya a kan rago, su suna waya a kan mai kaciya, mai jego na tsakiya tana kuka. A ƙarshe likita ya yi kaciyar a asibiti, aka yanka ragon a Kano. Maganar inda yaro zai yi karatun addini kuwa har yanzu ba a gama ta ba, ga shi ya fara tambaya. Ku yi wannan maganar ku biyu tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, ku faɗa wa iyayen kowane ɓangare abin da kuka tsayar.