Tetris da dara a ɗakin jinya

Duk wanda aka taɓa yi wa aiki a ciki ya san akwai wata awa da ta fi sauran tsawo, wato lokacin da maganin ciwo ya fara sakin jiki alhali na gaba bai kai ba. Ni a nan Tawa aka yi mini nawa, ana tsakiyar zafin bazara. Afandisit ne, wato ɗan reshen hanjin nan ya kumbura har ya fashe kafin a kai ni asibiti, don haka likitan fiɗa bai yi ƴar ƙaramar tsaga a gefen dama ba, tsakiyar cikin ya buɗe ya wanke. Da na farfaɗo ga roba a hanci, ga ƙarin ruwa a hannu, ga ciwon da ke tashi da na yi tari ko na motsa ƙafa.

Maganin yana da ƙa'ida. Parasetamol duk bayan awa shida, ba a wuce giram 4 a kwana ga babban mutum, sai wani mai ƙarfi da ake sakawa a ruwan idan abin ya tsananta. Wajen awa ta biyar nakan fara zufa ina kallon agogon bango. Na roƙi majo, wato ma'aikaciyar jinya, ta gaggauta, sai ta kira ni da sunan da ake kiran malamin makaranta a nan, ta ce, "Mushe, yi haƙuri. In na ƙara maka yanzu, hantarka zan ɓata." Ɗan ƙanwata da ke jinyata, yaro ɗan lise, shi ya miƙo mini salularsa ya ce, "Kawu, riƙe wannan, ka bar agogon nan ya huta."

Wasan Tetris ne. Tubala masu siffa iri bakwai suna saukowa daga sama, kana juya su kana jerawa, layin da ya cika sai ya ɓace. Wani masanin kwamfuta ɗan Rasha, Alexey Pajitnov, ya ƙirƙiro shi a Mosko a 1984. Irin abin nan ne da nake ƙwace salular ɗalibai a kansa a aji.

Ciwon bai tafi ba, kada wani ya ji labarina ya ce an samu magani. Yana nan, amma ya koma gefe. Likitoci suna da ma'auninsu, su ce daga sifiri zuwa goma ina kake. Kafin wasa nakan ce bakwai, ina cikin wasa in aka tambaye ni sai in ji biyar ta fi gaskiya. Bambancin ba shi da yawa a takarda, amma ga wanda ke kwance, shi ne tsakanin nishi da iya jira. Abin da wasan ya yi mini ke nan, ya riƙe ni har lokacin magani ya yi.

Bayan na warke na bi diddigin dalili, don malamin lissafi ba ya son amsa babu hanya. A 1965 wasu masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, suka kawo bayanin cewa saƙon ciwo ba ya tafiya kai tsaye daga rauni zuwa ƙwaƙwalwa. Yana bi ta wata mashiga a lakar baya, kuma ƙwaƙwalwa da kanta tana aiko da umarni a faɗaɗa mashigar ko a matse ta. Tsoro da zaman sauraron ciwo suna faɗaɗa ta, shagala da wani abu tana matse ta. Hankalin ɗan Adam kamar ƙofar zaure yake, jaki biyu da kaya ba su shiga a tare. A kan wannan ne masu bincike a birnin Siyatil na Amurka suka ƙera wani wasa mai suna SnowWorld, wanda masu ƙuna ke yi lokacin da ake wanke musu ciwo, suka kuma ba da rahoton raguwar zafin da suke ji. Ni ma ranakun wankin ciwo, da majo ta jawo farantinta sai in kama salula, in ce ta ci gaba da aikinta kada ta gaya mini inda ta kai.

Rediyo bai yi mini haka ba, fim ma bai yi ba. Kunne yana ji, ido yana kallo, amma zuciya tana da sauran fili da za ta koma wurin ɗinki. Wasan wasa ƙwaƙwalwa kuwa yana neman ka yanke shawara kowane lokaci: wannan dama ko hagu, in juya ko in bari. Ga kuma fim ɗin barkwanci, wanda ke da nasa haɗarin. Wani mai dubiya ya kunna mana ɗaya da kyakkyawar niyya, dariya ta ƙwace mini, na ji kamar zaren zai tsinke. Tun ranar aka koya mini danne ciki da matashi in zan yi tari ko dariya.

Inda na fi daɗewa ina gwaji shi ne zaɓen wasan da ya yi daidai da ƙarfina na ranar. Da farko na ce a sa mini sudoku, tunda lamba sana'ata ce. Gida 81 ne, a cika kowane layi da kowane ƙaramin akwati da 1 zuwa 9 ba maimaici, abin da nake gamawa ina shan shayi. A gadon asibiti na kasa. In riƙe lamba uku a kai, kafin in duba layi na gaba sun zube. Maganin barcin aiki bai gama fita ba, ga rashin barci, ga ciki babu abinci, ga jiki ya tattara ƙarfinsa wurin gyaran rauni. Wasan da ya fi ƙarfinka haushi yake kawowa, haushi kuma ciwo yake ƙarawa. Wanda ya cika sauƙi shi ma ba ya riƙe hankali, yatsa na aiki kai yana can wurin ciwo.

Tetris ɗin ma yana da aibinsa. Da an yi nisa tubalan suna ƙara gudu, sai in tarar na riƙe numfashi na ɗaure ciki ban sani ba, naman cikin da aka tsaga shi nake matsewa. Yaron ya nemo mini wani irinsa wanda ba ya gudu, kai ne ke ɗauko tubali ka ajiye inda kake so, ba agogo ba gaggawa. Shi ya fi zauna mini. Ya kuma zaɓi wanda ba ya bukatar intanet, don masu talla suna cinye mega, kuma hoton da ke faɗowa yana walƙiya tashin zuciya yake sa mai jinya.

Maganar gajiya daban ce, kuma a nan ba na yarda da masu cewa wasa yana ƙara kuzari. Ba ya ƙarawa, ci ma yake yi. Gajiyar bayan aiki ba irin ta noma ba ce da barci ɗaya ke wankewa, makonni take ɗauka, kuma kwanciya tana rage ƙarfin naman ƙafafu da sauri. Abin da wasan ya rage mini shi ne wata gajiyar ta biyu, ta zaman banza da tunani: wa zai riƙe ajina ga jarrabawa ta matso, nawa aka kashe a kantin magani, shin ɗinkin zai kama. Wannan tunanin yana tsotse mutum fiye da zazzaɓi. Sai na yi wa kaina iyaka, kamar rubu'in awa in ajiye. In na ga ina maimaita kuskure ɗaya, ko ido ya fara yaji, lokaci ya yi. Da dare kuma a rage hasken salular, kuma ba na kai ta har bakin barci.

Kowace safiya likita yana da tambaya biyu, kuma ba ya jin kunyar ta farko a gaban kowa: "Mushe, ka yi tusa?" Ta biyu ita ce, "Ka taka?" Fitar iska alama ce hanji ya farka. Takawa kuwa tana buɗe huhu, tana hana jini daskarewa a jijiyoyin ƙafa, tana tayar da hanjin. Tun shekarun 1990 wani likitan fiɗa ɗan Danmak, Henrik Kehlet, ya dage a kan a tayar da mara lafiya da wuri maimakon a bar shi kwance, yanzu haka ake bi a wurare da yawa. To haɗarin salula shi ne tana sa kwanciya ta yi daɗi. Maganinsa, yaron nan ya riƙe ta a aljihu ya ce, "Kawu, sai mun kai ƙarshen baranda mun dawo." Na so in nuna masa girma, amma salularsa ce.

Dara ce ta fi taimakona a nan. A gadon da ke kusa da nawa akwai wani dattijo daga wajen Buza, shi ma an yi masa aiki a ciki, idonsa ba ya ganin ƙananan abubuwan salula. Ya sa jikansa ya yago kwalin magani ya zana gida talatin, biyar sau shida, aka samo ƙwallon dabino goma sha biyu da tsakuwa goma sha biyu. Ka jera uku ka ci ɗaya na abokin wasa. Dara ba ta yiwuwa a kwance, dole ka zauna, ka miƙa hannu, ka ɗan juya. "Ɗana, tashi mu gani ko bokon naka ya kai nan," in ji shi. Bai kai ba, cinye ni yake yi kullum. Amma zaman da nake jin tsoronsa, sai na ga na yi shi har la'asar ban ƙirga ba, kuma shi ma ya rage kiran majo. Da wuta ta ɗauke salula ta mutu, kwalin nan bai san an yi ba.

Da na koma gida aka ce kada in ɗauki abu mai nauyi wajen mako shida. Ƴan dubiya suka yi ta zuwa, kowa da shawararsa, har da wanda ya ce a sayo mini tramol a wurin masu tebur, wai ɗaya tak ya isa in miƙe. Mu a nan mun ga abin da ƙwayar nan ta yi wa samari, daga kamu har farfaɗiya. Na tsaya a kan abin da likita ya rubuta, tsakanin sha da sha kuma in koma ga tubalaina. A hankali sudoku ta dawo, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Akwai ciwon da bai kamata a shagala daga gare shi ba, kuma an gaya mini alamunsa kafin a sallame ni. Ciwon ɗinki yana raguwa ne kwana bayan kwana, yana kuma lafawa in hankali ya tafi wani wuri. Wanda yake ƙaruwa, ko ya zo da zazzaɓi, ko amai, ko kumburin ciki, ko mugunya da ja a bakin ɗinki, ko sha-raɓar ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, wannan na komawa asibiti ne a ranar, ba na wasa ba.

Kwanan baya wani abokin aikina ya tambaye ni wane wasa zai sa wa maiɗakinsa da aka yi wa aikin haihuwa. Na ce ya nemi wanda ake yi da yatsa ɗaya, don ɗayan hannun jariri ne zai riƙe shi, wanda ba ya gudu kuma ba ya sa dariya, kuma wanda za ta iya ajiyewa a tsakiya in yaron ya yi kuka ba tare da ta yi asarar komai ba.